Ajja Nanayya da Bindigogin da Suka Ƙi Gyaruwa

Kafin bas ɗin safe ta iso kwanar shagonsa, Ajja Nanayya ya riga ya share ƙofa, ya ɗora tukunyar gahawa, ya shimfiɗa tsohon bargon nan a kan teburin aiki. Ni shaida ne, domin ni ne kwandastan bas ɗin, kullum daga ƙauyenmu Bettamani zuwa garin Madikeri da dawowa, har gashina ya yi fari a bakin ƙofarta. In muka tsaya ɗaukar fasinja sai in hango shi ya ɗauko bindigar da zai fara da ita, ya karya ta, ya ɗaga ta sama ya leƙa cikin bakin. Ko da shi ya ajiye ta jiya da hannunsa, sai ya leƙa. Na taɓa yi masa tsiya a kan haka, na ce, "Ajja, ko kana jin aljanu na zuba mata harsashi in ka tafi gida?" Ya ce, "Kai da kake ƙirga fasinja sau uku kana samun lissafi iri uku, kai ne za ka koya mini aiki?" Daga ranar na bar shi da leƙensa.

Jikokinsa na jini ba su da yawa, amma duk ƙauyen Ajja muke ce masa, kakan kowa. Babu gidan da ba ya da bindiga a rataye a Bettamani, kamar kowane ƙauye a yankinmu na Kodagu, kuma babu bindigar da ba ta taɓa kwana a kan bargon nan ba. Ya sauya mata ƙota, ya goge tsatsa, ya gyara kunama, sannan ya yi wa mai ita wankin babban bargo. "Wannan bindiga ce ko muciya? Da ita matarka ke tuƙa shinkafa?" Duk saurayin da ya isa riƙe bindiga, kafin bikin wanke makamai uban zai turo shi wurin Ajja. Sai ya wuni yana koyon abu guda: baki ƙasa, yatsa nesa da kunama, kuma kada ka taɓa nuna ta ga abin da ba ka shirya rasawa ba. Wanda ya yi wasa da wannan, ko ɗan wane ne, zai koma gida da kunne mai zafi.

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon. Yanar ido ta kama shi, hannun ma ya fara rawa in ya riƙe magagari. Shi ya sa na ɗauki biro, ni da ban saba rubuta abin da ya wuce tikiti ba.

Kowa ya san laifinsa ɗaya: jan ƙafa. Wata bindigar ka kawo da safe ka karɓa da la'asar. Wata kuwa sai damina ta zo ta wuce tana ɗakin baya. In mai ita ya zo, sai Ajja ya sosa ƙeya ya ce, "Akwai wani ɗan ƙarfe da nake jira daga birnin Mysuru." Ni da ke kawo saƙonnin gari a bas ban taɓa ganin ɗan ƙarfen nan ba, amma ban kawo komai a raina ba. Har ba'a ta zama a ƙauye, duk abin da aka san ba zai zo ba sai a ce yana hanya daga Mysuru.

Bencin da ke ƙofar shagon nan ne wurin jiran mota, kuma nan ne Ajja ke kama 'yan birni masu zuwa hutu. Da wani ya kalli bindigogin ya taɓe baki ya ce ai zamani ya wuce wannan, sai Ajja ya zuba masa gahawa, alamar ba zai tashi da wuri ba ke nan.

"Ɗana, a unguwarku in ka yi ihu mutum nawa ke ji?"

"Da yawa, Ajja."

"To mu nan in ka yi ihu biri ne ke ji, shi ma ba zai zo ba. Ofishin 'yan sanda na ƙetaren kogi, gadar kuma da ruwa ya yi ƙarfi sai ta nutse. Waya ba ta kamawa sai ka hau kan dutse kamar akuya. Giwa ta shigo gona, ko wani ya zo ɗibar masoro da adda a hannu, me zan nuna masa? Lambar wayar ofis?"

"Amma in aka karɓe ta kowa, ai an huta."

"Ta kowa? In aka ce a kawo, wa zai kawo? Ni da wannan kwandastan, masu jin kunyar hukuma. Ɓarawo ka taɓa gani ya bi layi ya miƙa tasa? Sai a wayi gari mugu na da ita, mai gona ba shi da ita, kuma mugun ya san da haka."

Wasu su tafi sun gamsu, wasu su tafi da ra'ayinsu, amma ban ga wanda ya bar gahawar ba.

Bara ne maganar ta tashi daga benci ta zama da gaske. An kawo mana sabon sufeton 'yan sanda mai suna Hiremath, mutumin ƙasar kwari, dogo, mai yawan shiru. Bai daɗe da zuwa ba aka yi harbi a wani ƙauye can bayan tsauni, wani ya sha ya bugu ya raunata maƙwabcinsa. Sai Sufeto ya aiko cewa yana neman izinin manyansa ya tattara bindigogin ƙauyukan da ke ƙarƙashinsa ya kulle a ofis, har sai abin da hali ya yi. Kuma lokacin shinkafa ta fara nuna.

Duk mun ji zafin maganar, amma mutum ɗaya ce abin ya zame wa batun ci da rashin ci. Akka Bollamma, wato Yaya Bollamma, wadda mijinta ya rasu ya bar ta a gida na ƙarshe, can sama inda gonaki ke haɗuwa da daji. Ba ta da gonar gahawa kamar sauran mutane, fadamar shinkafa ɗaya gare ta, da ita take ci har shekara ta zagayo. Aladun daji kuwa sun san fadamar fiye da yadda na san hanyar Madikeri. Da yamma in sun gangaro sai ta fito da tsohuwar bindiga mai baki biyu ta mijinta ta harba sama, su watse. Ba ta taɓa kashe ko ɗaya ba, ta ce ba ta da ƙarfin jan gawa. In aka ɗauke bindigar nan kafin girbi, kwana kaɗan ya ishe su su mayar da fadamar turɓaya.

Ta gangaro shagon ranta a ɓace. "Ajja, ka gaya wa wannan dogon, in zai ɗauki bindigar to ya zo da bargonsa ya kwana a gonar yana yi wa aladu fito."

"Sannu, 'yata, zauna ki sha gahawa."

"Ba zan sha ba! Mijina ya mutu, ɗiyata ga ta can a ɗaki da tsohon ciki ta zo haihuwa gida, yanzu kuma a ce in tare aladu da tsintsiya?"

Ajja ya aika wa Sufeto da gayyata ta hannuna, cewa kafin ya rubuta komai ya zo ya zauna da mutanen ƙauye. Ya kuwa zo, da hantsi, ranar da ba ni da aiki. Aka cika ƙofar shago. Ajja ya jero hujjojinsa na benci ɗaya bayan ɗaya, ya ƙara da cewa doka da kanta ta bar mana riƙon bindiga tun zamanin kakanni. Sufeto ya saurara har ƙarshe bai katse shi ba. Sannan ya ce, a hankali, "Baba, a inda na baro na ɗauki gawar yarinya da hannuna. Bindigar ubanta ce, shi ma mutumin kirki ne, sai dai ranar ransa ya ɓaci. Tun daga nan in na ga bindiga a bango ba na ganin alade, yarinyar nake gani."

Ni dai a nan na gane mutumin nan ba mugunta ta kawo shi ba.

Kafin Ajja ya ba shi amsa sai muka ji ƙara daga sama, wajen daji. Tau! Ba a ɗauki numfashi ba, sai tau! ta biyu.

Ko yaron goye ya san wannan a Bettamani. Harbi ɗaya, an haifi namiji. Harbi biyu a jere, an yi mutuwa. Kuma babu gida a wannan kusurwar sai na Bollamma, ga ɗiya mai tsohon ciki a ɗaki. Wata tsohuwa ta ɗora hannu a ka ta fasa kuka. Maza suka ajiye kofuna, masu aiki a gonakin gahawa suka yar da kwanduna, kowa ya kama hanyar hawa. Mata na fitowa daga gidaje suna yafa fararen zannuwan makoki a guje. Sufeto kuwa kisan kai ya zo masa a rai, ya faɗa motarsa da kurtunsa suka bi ta hanyar zagaye. Ajja da sandarsa ya riga ni, ni da nake taƙamar ƙafa.

Muka iso tsakar gidan muna haki, wasu har sun fara jero kyawawan halayen marigayiya. Sai ga Bollamma tsaye a baranda, bindiga a karye a kafaɗa, baki har kunne.

"Lafiya kuka cika mini gida da fararen kaya? Wa ya mutu?"

"Ke za mu tambaya, Akka! Harbi biyu muka ji!"

"To ai biyu ne! Tagwaye! In yi wa ɗaya in bar ɗaya, su girma suna gaba da ni?"

Masu kuka suka tsaya da hawaye a kumatu. Wani ya tambaya, "Duk maza?"

"Duk mata."

"Haba Akka, mace ai faranti ake buga mata!"

"Farantina ɗaya ne, kuma da abinci a ciki. Ni da ke gadin gonar nan da bindiga, namiji ne ni? Jikokina harsashi za su samu, wanda bai so ba ya toshe kunne."

Dariyar da aka yi ranar, har tsohuwar da ta fara kukan sai da aka riƙe ta. Aka shiga ganin jarirai, aka ɗora tukunya, masu farin zane suka koma masu daka. Ana haka sai ga Sufeto ya iso a ƙafa, wando jiƙe har gwiwa, domin motar ta maƙale a rafi. Ya dubi taron, ya dubi mai jego ta taga tana murmushi, aka ba shi labari. Ya so ya daure, dariyar ta ƙwace masa.

Ajja ya matso kusa da shi. "Yallaɓai, ba don in ci fuskarka ba. Da abin da muka zata ne, ko da gobara ce, ko giwa, ka ga mutanen da ƙarar nan ta tara mata kafin motarka ta haye rafi."

"Na gani, Baba," in ji Sufeto, yana matse ƙafar wando. "Na yarda tana kiran taimako, na yarda tana korar aladu. Amma ba ka amsa mini tawa ba. Ranar da ran mutumin kirki ya ɓaci, wa ke tsakaninsa da bangon da take rataye? In ka ba ni amsar wannan, na bar muku. In babu, zan fara da wannan da ke kafaɗar Mama, yau ɗin nan."

Bollamma ta ƙanƙame bindigarta. Fara'ar ta gudu daga fuskarta, ta juya tana kallon fadamar da ke ƙasan gidan, shinkafa ta yi jawur saura ƙiris.

Na ga Ajja ya dubi taron, idonsa ya tsaya a kan Ponnappa, abokinsa tun na ƙuruciya, wanda suke cin abinci kwano ɗaya ranar biki. Ya daɗe yana kallonsa. Sannan ya share murya.

"Yallaɓai, a ɗakin bayan shagona akwai bindigogi da suka daɗe suna jiran ɗan ƙarfe daga Mysuru. To yau zan faɗa a gaban kowa. Lafiyarsu ƙalau. Babu abin da ya same su."

Aka fara ƙus-ƙus.

"Nan kowa ya san kowa. In mutum ya fara kwana a wurin giya, ko rigimar gado ta yi zafi, ko ya daina gaisawa da maƙwabci, labari na zuwa benci kafin ya je ko'ina. Wani lokaci matarsa ce za ta ɗauko bindigar ta kawo mini, ta ce tana tsatsa. Wani lokaci ni zan je in ce lokacin duba ta ya yi. In ta shiga ɗakin baya, ba ta fita sai na ga mutum ya dawo hayyacinsa. Ban ce ba a taɓa kuskure mini ba. Amma ni na san wanda ya kamata a raba da ita, da kuma yaushe. Kai in ka zo, ta kowa za ka kwashe, har da ta wannan baiwar Allah da ba ta da kowa sai aladu."

Sai muryar Ponnappa ta tashi. "Nanayya! Tawa fa? Tawa da ka riƙe tun shekarar rigimar iyaka?"

"Taka ce ta fi kowacce lafiya."

"Ka mai da ni mahaukaci! Ina zuwa ina gaishe ka, ina kawo maka zuma, kana ce mini Mysuru! A gaban jama'a ka ce ni abin tsoro ne?"

Ya juya zai fice. Ƙanensa Uttappa, wanda suka yi rigimar da shi, yana tsaye a bakin ƙofa da jaririya ɗaya a hannu, an ba shi ya riƙe. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Anna, yayana, daren da muka yi faɗan nan na ji ka kana neman ta a bango. Ta katanga na ji. Ban taɓa gaya wa kowa ba."

Ponnappa ya tsaya cak. Sai ya raɓa ta gefen ƙanensa ya fita.

Sufeto ya gangara da mu shagon ya ga ɗakin bayan da idonsa. Ya daɗe a ciki. Da ya fito ya ce ya janye maganar tattarawa a Bettamani, da sharaɗin abin da ke ɗakin nan ya zauna har sai Ajja ya ce. Ya kuma aika wa Bollamma cewa in an sake haifa mata tagwaye, ta sha gahawa kofi guda tsakanin harbi da harbi. Ta girbe shinkafarta tsaf, ta aiko wa ofishin 'yan sanda da ƙwarya guda, da saƙon cewa wannan rabon aladu ne, tun da ba su samu ba shi ya ci.

Ba a banza Ajja ya sayi wannan ba. Wasu suka ɗauke masa gaisuwa. Wasu mazan suka koma gida suna hararar matansu. Ponnappa ya daina zama a benci, in zai hau bas sai ya tsaya can gaba a rana. Ni kaina sai da na lallaɓa na tambaye shi, "Ajja, shekarar da tawa ta yi wata guda a wurinka fa, me na yi?" Ya ce, "Kai? Kai da kaza ke kora daga tsakar gida? Taka tsatsa ce kawai, ƙazami."

Ajja Nanayya, kai ne ka koya mana cewa wanda ke son a bar masa bindigarsa dole ya yarda a sa masa ido, kuma idon na gida ya fi ganin gaskiya. Kai ne ka tsaya wa haƙƙinmu a gaban hukuma ba tare da ka zagi kowa ba, kuma kai ne ka tsaya tsakaninmu da zuciyarmu ba tare da mun sani ba. Ka yarda a kira ka malalaci shekara da shekaru don kada a kira wani mai kisan kai. Maƙerin da ya fi iya ƙin gyara, mun gode. Ina faɗa da bakina, ina ƙaunarka, kuma zan yi kewar zaginka na safe.

Makon jiya Ajja ya fara sallamar ɗakin baya, yana kiran masu su ɗaya-ɗaya. Ina nan ina jiran direba sai ga Ponnappa ya shigo, karo na farko tun ranar tagwaye. Bai gaishe da kowa ba. Ajja ya ɗauko masa bindigarsa, an goge ta tana sheƙi, ya karya ta ya leƙa, ya miƙa masa da hannu biyu. Ponnappa ya shafa ƙotar, ya juya ta, ya ɗora a kafaɗa ya sauke. Sai ya mayar da ita kan bargon.

"Nanayya, ina jin kunamar nan har yanzu tana ɗan sarƙewa."

Ajja ya dube shi. "Haka ka ji?"

"Haka na ji. Jibi za mu sake auna iyakar nan da Uttappa. Bari ta ƙara kwana biyu." Ya ja kujera ya zauna. "Gahawar taka ita ma daga Mysuru ake jiranta?"

To samarin Bettamani, ku da kuka iya cika baki a kan haƙƙin kakanni ranar biki, ga magana gare ku. Magagari da guduma Ajja ya ce kyauta zai bar wa duk wanda ya zo, kuma zai zauna a benci ya nuna masa abin da idonsa ba ya gani yanzu. Ana neman mai haƙuri, mai kunne, wanda zai iya duban abokinsa ido cikin ido ya ce masa dawo gobe. Ƙarshen wata ya kusa, kuma bindigar Ponnappa tana bukatar inda za ta kwana.